Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Ko me zan manta na zamanmu a gidan Baba a Minjibir, ban da ranar da hoton jariri ya sa ni hawa bishiya. A lokacin ta layin tarho ake shiga intanet. Baba yana aiki a ƙaramar hukuma, shi ya sa aka ja mana layi, ni kuma da na ɗan koyi kwamfuta a birni na zama injiniyan gida.

Yayana, ɗan farin Inna, yana karatu a ƙasar waje, sai matarsa ta haifi namiji. Ya sanar da Baba ya turo hoto. Kafin in kunna kwamfuta Inna ta riga ta aika wa matan unguwa su zo bayan la'asar su ga angonta, kamar yadda kaka ke kiran jikanta. Ka ga ke nan mutuncinta da nawa duk suna kan wannan waya.

Na danna, na'urar ta yi kukan da ta saba, hoton ya fara sauka daga sama a hankali. Ga hula, ga goshi, sai layi ya yanke. Na sake, goshi. Na kuma sakewa, goshin dai. Na zare waya na hure na mayar. Na zargi akuyarmu da tauna, na duba ban ga haƙori ba. Baba ya ce damina ce, wataƙila ruwa ya shiga mahaɗa, don haka na bi wayar ta kan katanga, ta bayan rumbu, har saman darbejiya, na naɗe ta da leda. Na leƙa tsakar gida na tambaya ko wani yana taɓa tarho. Inna tana bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da rana ta fara karkata hankalina ya tashi sosai. Na nuna wa Baba inda zai danna, ni kuma na tsaya jikin tagar Inna ina riƙe da waya ko zan gane inda ta yi rauni. Yana dannawa na ji kan tarho na biyu da ke ɗakinta ya yi ɗan ƙirin. Sai ga Inna ta ajiye muciya, ta goge hannu, ta waiga ko ana kallonta, ta shige ɗaki ta ɗaga kan tarhon.

"Salamu alaikum. Kai ne?" Ta kasa kunne. "Oho, yanzu ma sai kukan gyare."

Ashe tafiyarta daga murhu zuwa ɗaki ita ce tsawon hula zuwa goshi! Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa.

"Inna, ke ce kike yanke mana layi!"

"Ni? Ƙura nake gogewa."

"Da sallama ake goge ƙura?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "To idan wancan ne fa ya kira, a bar shi yana jira?"

Wancan. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta faɗi sunansa ba, balle ta yarda tana jiran muryarsa.

Bayan la'asar na zaunar da ita a tabarma gaban kwamfuta, mata sun kewaye ta, ɗaya ta riƙe mata zani kada ta tashi. Goshi ya wuce, ido ya fito, hanci ya biyo, guɗa ta cika ɗaki.

"Wannan ne angon?" in ji Inna. "Da waɗannan kunnuwan? Na fasa, a mayar musu da abinsu!"

"Ai kunnuwan ubansa ne sak," wata maƙwabciya ta ce.

Inna ta matso kusa. Ta sa bakin mayafi tana goge gilashin kwamfutar daidai kunnuwan, hawaye na zuba, tana ta dariya. Farin cikin da na ji ranar har yau ban ji irinsa ba.

Tun daga nan, in abu ya lalace a gida, ba na fara hawa bishiya. Sai na duba wa ke kewar wani ya kasa faɗa.