Ƙwaryar Nono a Kan Katanga

Makon jiya jikata ta nuna mini wata farar takarda da suke auna dattin iska da ita a makarantarsu, duk ta yi baƙi. Sai Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, na dawo daga yawon ƙasashe, na gina gida a Kazaure dab da kwalta, inda manyan motoci ke tsayawa suna tuttula hayaƙi. Ba a jima ba 'yata Binta ta kamu da tari, ƙirjinta na kuka kamar usur. A sha magani ya lafa, ya sake dawowa.

Goggo ta zo daga Roni da nono. Ita da ba ta taɓa barin ƙwarya a buɗe, ranar sai ta cire faifan, ta ɗora ƙwaryar kan katanga tun hantsi. Da la'asar ta kira ni.

"Kai mai harsuna da yawa, zo ka karanta mini wannan."

Baƙi-baƙi ya rufe saman nonon, sai warin gas yake yi.

"Goggo, ai ko a Ingila haka birni yake."

"To, nono dai zubarwa zan yi. Ƙirjin Binta fa, yaya za ka zubar?"

Na shaƙi hayaƙin Landan da na Ikko, amma ban taɓa ganin iska da idona ba sai a ƙwaryar nan. Washegari Goggo ta goya Binta zuwa Roni. Kafin kaka tarin ya sake ta. Bintar ce ta haifi jikar tawa.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sa sanyin iskar Aljanna ya riƙa ratsa kabarinta.