Hajiya Mansura Adamu Bungudu, Wadda Ta Sauya Tambayar Manhaja

An haifi Hajiya Mansura a shekarar 1966 a garin Bungudu. Mahaifinta Malam Adamu manomi ne mai kiwon tumaki, mahaifiyarta Rabi kuma ungozoma ce da unguwa ta sani.

Karatu

Ta shiga firamare a Bungudu a 1972, ta kammala sakandaren 'yan mata a Gusau a 1983, sannan ta samu horon aikin lafiya a Sakkwato har zuwa 1986.

Aiki da aure

A 1987 aka tura ta ƙaramin asibiti a Tsafe, inda ta shekara goma sha tara tana awo da karɓar haihuwa, aka san ta da barkwanci da saurin hannu. A 1988 ta auri Malam Tajuddeen, malamin firamare, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku. A 2006 aka mayar da ita Tudun Wada a Gusau.

Gwajin manhaja

A 2021 wata ƙungiya ta kawo manhajar waya asibitin da Hajiya take aiki domin a gwada ko za ta taimaka a gano cutar endometiriyosis da wuri, wato tsirowar nama irin na cikin mahaifa a wajenta, mai haddasa matsanancin ciwon mara lokacin al'ada. Kowace mace za ta riƙa danna lamba daga ɗaya zuwa goma gwargwadon ciwonta. Mata tamanin suka shiga, har da Madina, autar Hajiya, wadda ta shekara shida tana fama, ana ce mata haka 'yan mata suke yi.

Bayan wata huɗu babu wadda ta haura uku, ƙungiyar ta fara shirin rufe gwajin. A makon ne Hajiya ta tarar da Madina a duƙunƙune kan tabarma tana amai, wayar kuma ta nuna ta danna biyu. Da ta tambaye ta dalili, sai ta ce, "Inna, to mi zan danna? Mutum na cewa babu sauƙi?"

A taron bitar gwajin Hajiya ta miƙe ta ce, "Ranku ya daɗe, kun tambayi Bazamfariya jiki, ta ce da sauƙi, kun rubuta. Ko ana ɗaukarta a kan gado haka za ta ce. Ku tambaye ta ko ta iya ɗora tukunya yau." Aka yi dariya, aka kuma amince da ƙarin wata uku. Aka sauya tambayoyin zuwa girki, ɗibar ruwa da zuwa makaranta, da murya a Hausa saboda marasa karatu. A ƙarshen wa'adin an tura mata goma sha ɗaya babban asibiti, likitoci suka tabbatar da cutar ga bakwai. An yi wa Madina aiki a Janairun 2022, ta samu lafiya, ta yi aure a ƙarshen shekarar.

Ritaya da rasuwa

Hajiya ta yi ritaya a 2022, amma ta ci gaba da hawa motar haya zuwa Tsafe da Bungudu tana koya wa ma'aikatan lafiya sababbin tambayoyin. Ta sauke farali a 2023. Allah Ya yi mata rasuwa ranar Juma'a, 14 ga Fabrairu 2025, bayan gajeriyar jinya, aka sallace ta bayan La'asar, aka binne ta a Bungudu kusa da iyayenta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Muktar, Bashar da Madina, da jikoki biyar. Ƙaramarsu ita ce Mansura 'yar Madina, wadda Hajiya ta karɓi haihuwarta da hannunta. Allah Ya jiƙanta da rahama.