Murfin Fetur Ɗaya Ranar Juma'a

Shekarun da na yi ina tuƙi a Riyad, a gidan wani dattijo na yi su, a unguwar Ulaisha. Gidan na da motoci sababbi, amma shi ba ya shiga kowace sai tsohuwar motarsa, 'yar Amurka, doguwa kamar kwalekwale, wadda ya saya tun yana ango. Idonsa ya yi rauni, don haka ni nake ja. Sau ɗaya take fita a mako: ranar Juma'a, mu je maƙabartar Al-Oud ya ziyarci kabarin matarsa.

Motar nan ta fi ni tsirfa wajen ci. A gidan mai famfo biyu ne, kore da ja. In na ba ta kore sai ta riƙa ƙwanƙwasa a hawan gada, in na ba ta ja ta yi lakwas. Muka tsaya a kan ja. Sai wani mai sayar da kayan gyara ya cusa mana wata kwalba, wai tana wanke inji. Ashe rabinta ethanol ne, sinadarin nan da ke cinye tsohuwar roba. Tiyon mai ya kumbura, ya tsage, muka tsaya tsakiyar titi da tsakar rana, fetur na ɗiga, dattijo na zufa a baya.

Babban ɗansa ya ji labari, ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce a gabana: "Baba, in ta sake ƙin tashi ko sau ɗaya, tashlih za ta." Tashlih can ne ake yanka tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Ni kuwa tausayin dattijo ya kama ni, don na san ba zai je Al-Oud a wata motar ba.

Na canza tiyo, na zubar da sauran kwalbar. Amma akwai wata matsala. Zafin Riyad yana busar da man da ke cikin kafireta in mota ta kwana shida a ajiye, sai ka yi ta murza makulli har batir ya gaji. Mu a gida ba ma ɗaukar wannan ciwo. Ka cire murfin iska, ka tsiyaya fetur cikin murfin gora, ka zuba mata a baki, shi ke nan. Haka na riƙa yi da sassafe kafin kowa ya fito.

Wata Juma'a ɗan ya zo karin kumallo, ya tsaya a tsakar gida yana jiran ya ga tashinta, ni kuma ban riga na yi dabarata ba. Ba yadda zan yi, na ɗauko gorata na buɗe gaban mota. Dattijo ya ji ƙamshin, ya taso yana lalube.

"Ya waladi, ɗana, me kake yi?"

"Baba, ɗan kurɓi zan ba ta, irin na garinmu."

Ya yi dariya har da tari. "Garinku? Haka muke yi kafin a haife ka. Kawo nan."

Na riƙe masa hannu, ya zuba, rabi a kafireta rabi a yatsunsa. Na murza makulli, ta kama nan take, gidan duka ya ɗauki rugugi. Ɗan ya girgiza kai, ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa da kansa. Ban ƙara jin ya ambaci tashlih ba.

A ƙofar maƙabarta na miƙo masa ruwa da tsumma ya wanke hannu. Ya ture su.

"Bar shi," ya ce. "Duk zamanmu da matata faɗa take min kan warin nan. Yau dai ta san ni ne na zo."