Kwanon Ruwan Jandarma

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Labbo kafinta ya san ba ya sakin hannu sai ya ƙirga yatsu. "Biyar. Kawo gudan. Goma? To, kana da hankali." Har liman bai tsira ba.

Kun tuna injin zarton nan da ya sayo a Ƙonni lokacin da boda take rufe, aka tsallako da shi a amalanke ta bayan gari. Ya zo da murfin ƙarfe mai rufe haƙoran don kada hannu ya kai. Kafin la'asar Kawu ya kwance shi.

"Ƙarfe mai kyau haka, a bar shi yana zaman banza?"

Ya juya shi, ya zuba ruwa, ya ajiye wa talotalonsa. Jandarma sunan talotalon, don ba mai shiga shago bai tare shi ba.

Wani malamin koyar da sana'a ya zo daga Sakkwato, ya ga zarto tsirara, ya yi salati. Ya zauna ya sassaƙa sandar tura katako, ya miƙa masa da ladabi. Kawu ya zura ta cikin riga. "Madalla! Yau kwana ukku wurin nan na yi min ƙaiƙayi."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina da 'ya'ya biyu a lokacin, tare muke aiki da shi. Sau nawa na ce, "Kawu, a mai da murfin nan."

"Jandarma ya sha da mi? Da hularka? Zarto ba ya cin mai hankali."

Ku yi dariya, ni ma na yi. Wata ranar kasuwa ana jiran mu gama wata ƙofa, katako mai gaɓa ya fizge, ya ja hannuna na dama kan zarto. Yatsu uku. Kawu ne ya goya ni a babur zuwa asibiti, kuma wallahi abin da ya ce a hanya ke nan: "Ka ɓata katakon mutane."

Ko sannu bai taɓa ce min ba. Har yau da cokali nake cin tuwo a gaban 'ya'yana, har yau kuma raina na ɓaci. Amma da na koma shago na tarar murfin na kan zarto. Jandarma kuwa an aiko min da romonsa. Mutumin da ke miƙar da tsohuwar ƙusa don kada ya sayi sabuwa!

"Tsufa ya yi," in ji Kawu, yana kallon bango.

Daga ranar bai sake ƙirga yatsun kowa ba, sai da ya kwanta ciwon ajali. Na miƙa masa hannu, ya laluba. "Ɗaya. Biyu." Ya riƙe gam, bai saki ba.

Allah, ga hannuwana, da abin da ya rage. Na yafe wa Kawu. Ka sanyaya masa makwanci.