Ƙyallen Gwaggo Mai Rariya

Kaka ce, irin wadda ke biyo bayan damina mai albarka. Gero ya yi, dawa ta sunkuyar da kai, kududdufin bayan gari, inda duk muke ɗiban ruwan sha, ya cika har baki. A shekarar ce aka buɗe mana ajin Yaƙi da Jahilci a ƙauyenmu, tsakanin Bebeji da Kiru, a cikinta kuma Allah ya karɓi ran Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifin maigidana. Ku da kuka san ta, na san har kun fara murmushi.

Gwaggo ba ta shan ruwa sai ta shinshina shi. In ta gama shinshinawa sai ta kwance wani farin ƙyalle da ke ɗaure a ƙugunta, ta shimfiɗa a bakin ƙwarya, ta tace. Ko da ruwan randarta ne wanda ta tace da hannunta da safe. Shi ya sa aka laƙaba mata Mai Rariya, ita kuwa ta amsa, ta ce gara a kira ta haka da a kira ta marigayiya.

Akwai ranar da muka je suna Kiru, gidan surukan ɗiyarta. Matar gidan ta kawo mana ruwa a sabon kwano, har da durƙusawa. Ina ganin hannun Gwaggo ya nufi ƙugu na matso kusa da kunnenta.

"Gwaggo, don Allah yau ɗaya dai. Gidan surukai ne."

"Surukai ba sa ciwon ciki ne, amarya?" Haka take kirana, ko da yake a lokacin ina da 'ya'ya uku.

Ta tace abinta a gaban mata, ta ɗaga ƙyallen sama tana duba shi a hasken rana.

"Ruwa na roƙa, an haɗo mini da mutanen gidansa. Ga su nan suna iyo."

Matar gidan ta ɓata rai. "Ai ruwan tafkinmu ne, Inna. Shi kakanninmu suka sha."

"To ina kakannin naku yanzu?"

Ni dai na rufe fuska da gyale har muka bar garin.

Takan ce ɓacin ruwa iri-iri ne. Akwai wanda ido ke gani, kamar shunin da ke gangarowa daga marina. Akwai wanda hanci ke ji, kamar na majema da fitsarin shanu. Akwai kuma munafuki, garau da shi, wanda sai baɗi za ka ji labarinsa a ƙafarka. Kurkunu take nufi, tsutsar nan mai fasa fata ta fito kamar zare. Muna yi mata dariya, har shekarar da tsutsar ta kwantar da maigidana ana tsakiyar noman fari.

Wanda bai yi kurkunu ba bai san zugi ba. Ba abin da ke sanyaya shi sai ka tsoma ƙafar a ruwa, don haka ya ɗauki sanda ya ɗingisa zuwa kududdufi. Ya tarar da Gwaggo zaune a baki, ita ma da tata sandar.

"Audu, ina zuwa?"

"Gwaggo, wuta ce a ƙafata."

"Shi ne za ka zuba wa mutane wutar su sha?"

"Ruwa ai na Allah ne."

"Ƙafar kuma taka ce. Juya."

Ya juya yana ƙunƙuni, ya ce ko ɗan doka ya fi ta tausayi. Bai daɗe da zama a gida ba sai ga ta da tulu a kai, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta juye masa a ƙwarya ta ce ya tsoma har ya gaji. Haka ta yi ta yi kullum har tsutsar ta fita, ruwan kuma sai ta kai shi can bayan tsamiya ta zubar. Amma ciyawa ba ta jiran mai ciwo. Rabin gonarmu ta cinye, kafin wata kakar ta zagayo sai da na riƙa raba wa yara tuwo ina kallon gefe. Daga nan na daina dariya, ko da yake ban daina jin kunyarta a gidan mutane ba.

Babban yaƙinta da masu rama ne. Kowace kaka maza sukan jiƙa damin rama a ruwa ta ruɓe don su sami zaren igiya. Akwai wani kwari can ƙasa da ba a sha daga cikinsa, amma da ɗan nisa, sai su jefa a kududdufinmu su danne da duwatsu. Ruwan ya yi baƙi, yara su kama zawo. Wata Juma'a Gwaggo ta shiga ruwa har cinya, ta jawo dami guda, ta ja shi ta tsakiyar gari har ƙofar zauren mai unguwa. Ya fito ke nan cikin farar riga, zai tafi masallaci Bebeji.

"Subhanallahi. Gwaggo, wane irin wari ne wannan?"

"Ba wari ba ne, ranka ya daɗe, ruwan shanmu ne. Na kawo maka ɗanɗano."

"Haba, ai ba haka ake kawo ƙara ba."

"Ni na goya ka kana jariri. Na shaƙi wanda ya fi wannan, ban kai ƙara ko'ina ba."

Dattawan da ke tare da shi kowa ya kau da kai yana tari. Kafin a dawo daga Juma'a an yi shela: rama ta koma kwari. Shekara da shekaru kuma can ta zauna.

Bayan an yi sadakar bakwai ɗinta, na je ɗiban ruwa da la'asar. Tun daga nesa hancina ya gaya mini. Ga dammunan rama nan a ruwa an danne da duwatsu, ga masu su zaune a inuwa. Na ji ɗaya yana cewa, "Mai Rariya ta tafi, ruwa ya huta." Suka yi dariya. Kun san ni, ko akuya ba na iya yi wa tsawa. Na cika tuluna na dawo.

Ina sauke tulun, ƙaramar ɗiyata Hadiza ta miƙo moɗa. Na tsaya ina kallon ruwan, ina kallon ƙafafunta. Da aka raba kayan Gwaggo ba wanda ya so ƙyallen nan, shi ya sa ya faɗo hannuna. Na ɗauko shi na tace mata, sai kawai na ga hawaye na ɗiga a kai. Yanzu kam an kira ta marigayiya. Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sanyaya makwancinki yadda kika sanyaya ƙafar Audu, ya shayar da ke daga Alkausara, inda ba kya buƙatar ƙyalle.

Washegari da safe na ɗaura ƙyallen a ƙuguna, na tafi kududdufi, na shiga ruwa har cinya. Ɗaya daga cikin masu ramar yana tsaye a baki, dattijo ne sa'an mahaifina.

"Ke kuma fa, matar Audu?"

Na fito da damin, na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baba." Sannan na kama igiyar, na nufi zauren mai unguwa.