Na Karɓi Rantsuwa, Na Bar Takarda

Da wani ɗan ƙaras-ƙaras a bayan buhun shinkafa abin ya fara. A lokacin ni matar gida ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a unguwar Aziziyya a ƙasa mai tsarki, maigidana kuma direban bas ɗin alhazai ne. Iyakar karatuna sakandare, amma a gida an san ni da bin diddigi. Ba na ɗaukar ko gwangwanin madara a kanti sai na juya shi na duba ranar lalacewarsa, har yara kan yi mini dariya. Ɓera kuwa ba abin da nake tsoro kamarsa. Kwana uku ina jin wannan motsi a kicin, ko albasa na kasa yankawa cikin natsuwa.

Autata, mai shekara takwas, ita kaɗai ce ta yi murna. Ta daɗe tana roƙon a samo mata kyanwa, sai ga hujja ta zo har gida. Babanta ya ce ga 'ya'yan kyanwa nan birjik a ƙarƙashin motocin layinmu, a ɗauko ɗaya a yi mata wanka. Ni ce na ƙi. Na ce na titi cuta gare su, ni mai tsabta nake so, wadda aka yi wa allurar rigakafi, mai takarda. Ku riƙe wannan magana tawa, don ita ce ke hana ni sukuni har yau.

A zauren mata na waya na samu wata mai kiwon kyanwoyi masu dogon gashi a gidanta a unguwar Misfala. Saura mako guda a hau Arfa muka je ni da yarinyar, muna kutsawa cikin alhazai masu tafiya Harami a ƙasa. Da matar ta buɗe baki sai na ji Hausar Kano tsantsa, irin ta mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ta kawo gahawa da dabino, tana kirana 'yar'uwa, muka yi ta zancen dangi har muka gano kakanninmu ta hanyar Sudan ɗaya suka biyo. Amma idona bai rufe ba. Na ga keji kan keji a ɗan ƙaramin ɗaki, na ji wari, na ga kyanwar da 'yata ta rungume ba ta cika tafin hannu biyu ba, gefen idonta da kwantsa. Na tambaya ko an yi mata allura. Ta ce an yi, har da shariha, wato ɗan abin nan kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar dabba. Da na tambayi littafin allurar, sai ta ce yana asibiti, za ta aiko mini bayan Sallah. Ta dafa ƙirji ta ce wallahi.

A nan na yi kuskuren. Ni tarbiyyar da aka ba ni, idan Musulmi ya ambaci Allah, an gama magana. A ce mace ta shayar da ni gahawa, ta rantse, a garin nan, a cikin watan nan, sannan in ce sai na ga takarda? Gani na yi kamar na kira ta maƙaryaciya a kan shimfiɗarta. Sai na biya kuɗin. Muka fito da kyanwa a cikin kwali, 'yata ta raɗa mata suna Lulu tun kafin mu sauka daga bene.

Kwana huɗu gidanmu ya cika da dariya. Yarinyar ta yanka tsohon ɗankwalina ta yi mata shimfiɗa, tana koya mata sallama da Larabci. Ranar ta biyar Lulu ta ƙi abinci. Washegari amai, sai gudawa, sai ta je ta kwanta a bakin kwanon ruwa tana kallonsa ba ta sha. Ranar ce kuma alhazai suka fara fita Mina. Hanyoyi a rufe, bas bayan bas, maigidana yana can tsakanin Arfa da Muzdalifa, ko wayarsa ba ya iya ɗauka. Asibitocin dabbobi biyu da na kira sun tafi hutun Sallah. Na kira matar ya fi a ƙirga, ba amsa. Ina zuba wa Lulu ruwa da sirinji, in tashi in leƙa taga, in dawo in taɓa cikinta, in sake kiran waya. Ranar Arfa ina azumi, amma addu'ata rabi ta tafi kan kyanwa, har ina jin nauyin hakan.

Ranar Sallah da hantsi na kasa zama. Na bar yarinyar da yayyenta, na yi rabin hanya a mota, rabi a ƙasa, har Misfala. Da na ƙwanƙwasa, wani dattijo baƙo ne ya buɗe, ga haramai an shanya a taga. Maƙwabciya ce ta gaya mini matar ta ba alhazai hayar gidan, kamar yadda da yawanmu ke yi duk shekara, ta tafi Jidda. Sai a lokacin na gane saurin da take yi. Dole ɗakin nan ya zama babu kyanwa ko ɗaya kafin baƙi su shigo, ko sun isa rabuwa da uwarsu ko ba su isa ba.

Washegari muka samu asibiti a buɗe. Likitar ta ɗauko wata 'yar na'ura ta bi wuyan Lulu da bayanta, ta ce in akwai shariha za mu ji ƙara. Muka kasa kunne ni da 'yata. Shiru. Ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta ce wannan ko lokacin allurar farko bai yi ba, balle a ce an yi. Cutar kuwa irin wadda allura ke karewa ce, kuma da alama da ita ta baro ɗakin. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce haƙƙin mai kiwo ne ya bar jariri ya ƙoshi da nonon uwarsa, ya kai shi a duba, a yi allura, a sa shariha, ya miƙa littafi hannu da hannu ranar sayarwa. Haƙƙin mai saye kuma ya karanta, ya sa a gwada lambar. Aka sa wa Lulu ƙarin ruwa. Kwana biyu ta yi, ta tafi.

Bayan Hajji matar ta amsa mini da saƙo ɗaya, wai ajali ne, in yi haƙuri. Na tambaye ta 'yan'uwan Lulu biyar da na gani a kejin fa, a gidajen wa suke? Ba ta sake amsawa ba. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta sauke wa kowa amanar da ya ɗauka. 'Yan'uwa mata, neman takarda ba ƙaryata mutum ba ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin a duba. Kada ku karɓi dabba sai littafinta na hannunku, kada ku yarda da za a aiko, kuma in idonku ya ga abin da bai kwanta muku ba, kada gahawa ta rufe muku baki. Rai ne, ko da na kyanwa ne, kuma akwai zuciyar yaro a ɗaure da shi.

Ranar da nake wanke gidan da maganin kashe cuta kamar yadda likita ta ce, na ɗauki ɗankwalin nan zan jefar. Autata ta tsaya a ƙofar kicin. Ita da kullum Larabci take yi mini, ranar da Hausa ta yi magana, a hankali, kamar tana tsoron kada in kasa ganewa.

"Ummi, ko madara sai kin duba. Me ya sa ita ba ki duba ta ba?"