Karyayyen Noti Don Rosalie

A kamfanin noti da na yi aiki a garin Rockford, kowa ya san Verner Hallquist yana gyarawa, matarsa Rosalie tana karyawa, kuma kamfani bai taɓa ganin laifin ɗayansu ba.

Verner yana ɗakin wanka, inda ake tsoma noti masu tauri, irin waɗanda ke riƙe ƙafar babbar mota, cikin ruwan tutiya su fito suna sheƙi, tsatsa ba ta kama su. Rosalie kuwa tana ɗakin gwaji. Injinta ja yake yi ya saki, ya ja ya saki, kwana da kwanaki, har noti ya gaji ya karye. Sai ta ɗauki karyayyen bakin ta duba, ta faɗi inda tsagewar ta fara da abin da ya jawo ta.

Wankan nan yana rage wa noti mai tauri kwana idan aka yi garaje. Kafin a tsoma shi, sai an feshe shi da ƙwayoyin ƙarfe ƙanana kamar gero, fatarsa ta matse. Bayan wanka kuma a gasa shi a tanderu da wuri, iskar da ta shige jikin ƙarfen ta fita. Verner ya san wannan sarai, amma a wajen Rosalie duk notin da ya karye da wuri shi ne mai laifi.

Ni ina sashen lodi, kuma teburinmu ɗaya da su lokacin abincin rana.

Takan ajiye masa guntun noti kusa da kofinsa ta ce, "Mai Kwalliya, 'ya'yanka na Talata sun mutu da ƙuruciya."

"Sun dai mutu da kyansu, Sarkin Ɓarna. Baƙaƙen nan da kike yabo, marasa wanka, ko kare ba zai kalle su ba."

"Kare ba ya tuƙa tirela."

Haka suka tsufa, haka suka ajiye aiki. Daga baya mantuwa ta kama Rosalie, a hankali, har aka kai ta gidan kula da tsofaffi a bakin kogi. Idon Verner ya yi rauni, don haka ni nake kai shi da mota kowace safiya, riƙe da fanke mai ɗumi irin wanda take so. Takan karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, yallaɓai." Ladabin nan ne yake cin ransa. Abu ɗaya yake nema, ta ɗago ta gane shi, ko da zagi ne.

Sai ya yi dabara irin ta mai wankan noti. Ya buɗe akwatinsa ya zaɓo mafi kyawun notin da ya taɓa fitarwa, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗora mata a tafin hannu. Ta juya shi, ta miƙo masa abinsa.

Ta ce, "Yana da kyau."

A mota ya ce mini, "Ka ji ko? Tun da na san matar nan ba ta taɓa cewa aikina yana da kyau ba."

Na ce, "Tsoho, ka taɓa ganinta riƙe da lafiyayyen noti?"

Sai ya ce in bi ta kamfani. Can muka sami Denise, wadda ta gaji injin Rosalie. Da ta ji buƙatarmu ta jawo bokitin guntaye ta ce, "Wanne za a ba ka, wanda ya jure ko rago?"

"Ba ni rago. Mai sheƙi."

Washegari Rosalie ta karɓi guntun ba godiya. Ta juya wajen taga, ta matso da shi kusa da ido, tana bin bakin da farce.

Ta ce, "Nan tsagewar ta fara, a gindin haƙorin notin. Ba a yi masa feshi ba. Sauri aka yi." Ta girgiza kai. "Aikin Verner ne."

Verner, wanda rabonsa da ɗakin wanka an yi shekaru, ya dafa kujera ya zauna.

Ta tambaye shi, "Ka san shi?"

"Na ɗan san shi."

"Dogo, mai manyan kunnuwa. Ka ce ya zo ya same ni, ina da magana da shi."

"Tsoronki yake ji."

"Gara ya ji." Ta yi murmushi, ta jefa guntun a aljihun rigar sanyinta. "Ka ce kada ya tsaya gyaran gashi. Na daɗe ina jiransa."

Ya ce zai faɗa masa. A hanya, da muka haye gada, ya shafa kunnuwansa ya ce, "Wai da gaske manya ne?"

Yanzu Denise tana tara masa ragwaye a gwangwani. Kullum yana kai ɗaya, kullum ana ba shi saƙo ya kai wa Verner. Yana karɓa, ya ɗan jima a zaune yana kallonta, ko yau za ta lura cewa wanda take aika wa saƙon ne a gabanta.